Yadda ake gane sitiyari da kayan ciki na asali a tsohuwar Jaguar E-Type

A kasuwar tsofaffin motocin gudu, motar da kayan cikinta suke yadda suka fito daga kamfani ta fi wadda aka yi wa kwaskwarima daraja, ko da ta biyun ta fi sheƙi. Jaguar E-Type ta Ingila, wadda aka fara nunawa a birnin Janeba na Switzerland a watan Maris na 1961, tana da sauƙin koyon wannan bincike, domin kusan kowane zamani nata yana da alamarsa.

Fara da takarda kafin ka taɓa motar. Ka kwafi lambar shasi da ta inji, ka nemi takardar shaida daga Jaguar Daimler Heritage Trust, cibiyar da ke adana tarihin motocin Jaguar. A ciki za ka ga ranar da aka ƙera ta, da launin jikinta, da launin kujerunta. In takarda ta ce ja, ka tarar da baƙi, to an riga an taɓa cikin, komai daɗin bakin mai sayarwa.

Sai ka ɗauko tef ka auna sitiyarin. Na samfurin farko faɗinsa inci 16 ne, da'irarsa ta katako, ga ƙafafu uku na alminiyam masu huji-huji. Da yawa sun cire shi sun sa ƙarami na kamfanin Moto-Lita don gwiwa ta sami wuri. Sitiyari ne mai kyau, amma ba shi motar ta zo da shi ba. Mai naɗin fata kuwa na samfuri na uku ne, mai inji V12 (silinda goma sha biyu) da ya fito a 1971.

Nan ne wurin da ya kamata ka ɓata lokaci. Ka haska tocila a kan katakon, ka bi shi da yatsa. Wanda ya sha hannu shekara sittin ba ya tsufa bai ɗaya: inda ake riƙewa ya dushe ya yi duhu, ƙasan kuma da sauran ƙyalli. A mahaɗar katakon za ka ga siririyar tsaga inda gam ya fara saki. Ka leƙa bayan ƙafafun, inda mai goge-goge ba ya kai hannu. In ko'ina sumul yake kamar sabon faranti, ko sabo ne, ko an ci shi da samfefa.

Daga nan ka dubi allon gaban direba. Motocin farko masu inji mai lita 3.8 tsakiyar allonsu alminiyam ne, daga baya aka koma rufe shi da baƙar leda. Makunnan samfurin farko 'yan sanduna ne da ake ɗagawa. Wajen 1968 dokokin kariya na Amurka suka sa aka koma masu faɗi da ake dannawa. Agogunan allon kuma sunan kamfanin Smiths ya kamata ka gani a fuskar yawancinsu.

Kujeru ba su da wuya. Tsohuwar fata tana da tamoji da ƙamshinta, sabuwa a miƙe take.

In ka tabbatar sitiyarin na asali ne, kada ka kai wa kafinta ya kankare. Ka share shi da tsumma mai ɗan danshi, ka raba shi da rana, domin zafi ne ke fasa katakon. In kuma dole sai ka sa ƙarami don jin daɗin tuƙi, ka naɗe tsohon a ƙyalle ka adana tare da takardun motar, don duk mai saye da ya san kan abin sai ya tambaye shi.