Yadda nake zama da kadangare, tsaka da maciji a gidana

Shekarata goma sha ɗaya a gidan nan na gefen Kumo, da ɗan lambun yakuwa da tattasai a bayan ɗaki, ga akurkin kaji a kusurwa. Kusan duk wani mai jan ciki na ƙasar nan ya taɓa leƙo ni.

Kadangare dai ƙyale shi. Mai jan kan nan da ke gyaɗa kai bisa katanga, tururuwa da gara yake ci, ba shi da dafi. Rufe randa kawai da murfi mai nauyi, kada ya zame maka kadangaren bakin tulu. Kulɓa ma haka, sheƙinta ne ke firgita yara. Tsaka kuwa, abin da addini ya ce a kanta na bar wa malamai, amma dafi ba ta da shi. Kashinta ne ƙazanta, don haka a gidana ba a kwana da tuwo a buɗe. Guza ne kaɗai muka yi rigima da shi, ya shanye mini ƙwai har sai da na kewaye akurki da waya mai ƙananan idanu.

Maciji shi ne magana. Ba kai yake nema ba, ɓera yake bi, ya kuma samu wurin laɓewa. Hatsi ya zube a ƙasa, ɓera ya zo, maciji na biye. Na ɗaga itacen girki da buhunan masara kan dakali, na kwashe tarin kara da ragowar bulo daga jikin ɗaki, ciyawa kuma ba na barinta ta wuce idon sawu. Da dare ba mai fita bayan gida babu tocila, ko da maigida ne. Takalmi a kakkaɓe shi kafin a sa. Lokacin bazara idan za a kwana a tsakar gida, a kan gado, a cusa gidan sauro ƙarƙashin katifa.

Kasa da gamsheƙa kowa ya san girmansu. Wadda ta fi cin mutane a nan ita ce kububuwa, 'yar ƙarama mai launin ƙasa da ɗigo-ɗigo, ba banza ake ce mata gobe da nisa ba. In ta fusata takan naɗe ta goga jikinta, ka ji "shhh" kamar an zuba ruwa a kasko mai zafi. Ka ji haka, ja da baya, ka janye yara. Kada ka zura hannu a rami ko ƙarƙashin dami, musamman da kaka. Gamsheƙa in ta tofa maka a ido, yi ta wankewa da ruwa mai yawa, sannan asibiti.

In sara ya faru, a cire zobe da agogo, a ɗaura wa ƙafar ko hannun sanda kamar karaya don kada ya motsa, a ɗauki mutumin, kada ya taka. Ban da ɗaure jijiya tamau, ban da tsaga, ban da tsotsa, baƙin dutsen da ake mannawa a wurin sara kuma ɓata lokaci ne. Sharrin kububuwa shi ne tana hana jini daskarewa: mutum na zaune yana hira, gobe dasashi ya fara zubar da jini. Wanda ka yi wa tsaga ka buɗe masa ƙofa ke nan.

Mu Allah ya taimake mu, asibitin saran maciji na Kaltungo na kan hanyar Yola, da ka wuce Billiri. Za su ɗebi jini a kwalba su jira minti 20, in bai daskare ba, sai su sa allurar kashe dafi. Ba sai an kai macijin ba, hoto daga nesa ya isa. Ni dai lambobin masu mota mutum biyu ne a wayata, kuɗin mai kuma na cikin gwangwani a saman sif, uwargida ta san wurin.