Ƙaramin injin lantarki na jirgin kamun kifi: mai igiya ko mai rimot?

Fara duba inda kake kamun kifi. Idan cikin ciyayi da kututture ne, ruwa ba zurfi, ɗauki mai igiyar ƙarfe, wadda ke haɗa fedar ƙafa da kan injin. Kana taka feda, kan injin ya juya nan take, hannuwanka biyu na kan sandar ƙugiya. Sai dai ƙafa ba ta hutawa, igiyar kuma tana lalacewa da daɗewa.

A tsakiyar tafki mai iska kuwa, ni mai rimot nake so. Na kamfanin Minn Kota mai tsarin Spot-Lock yana tsayar da jirgi wuri ɗaya da GPS, ba sai ka jefa anga ba. Ya fi tsada, juyinsa kuma da ɗan nawa.

Batir fa: injin volt 12 kan kai ƙarfin turi na fam 55 (fam na awon nauyi), jirgi mai nauyi sai na volt 24.