Kurakuran da ake yi wajen ɗora fok ɗin kuloci a kan ƙwallonsa

Sau da yawa a sauke giyabos, a sa sabon farantin kuloci da sabon boris (wanda ke danna kuloci ya saki), a mayar, giya ta ci gaba da gurzawa. Laifin yakan kasance a ɗan ƙarfen nan mai kai kamar ƙwallo da ke ɗaure cikin gidan kuloci, wanda fok (ƙarfen nan mai yatsu biyu da ke tura boris) ke juyawa a kansa, irin na Hilux da Hiace.

Kuskure na farko shi ne rashin duba shi. Ka goge shi da tsumma ka shafa da yatsa. In kan ya baje ko ya yi kaifi a gefe, ya ƙare. Ka juya fok ɗin ma ka leƙa ramin da ƙwallon ke zama, don nan yake fara tsagewa. A canza su tare.

Sai wayar sifirin da ke bayan fok. Dole ta kama wuyan ƙwallon, ka ji ta ce ƙas. Wasu kan ɗora fok a sama kawai, wayar ta lanƙwashe a ƙasa. Kafin ka ɗaga giyabos, ja fok ɗin da hannu. In ya fito, bai zauna ba.

Babbar matsala ita ce tsayin ƙwallon. In an kai filawil (faifan ƙarfen bayan injin da faranti ke kamawa) wajen masu fiƙewa an rage fuskarsa, kabar kuloci (murfin da ke matse faranti) ta yi nesa da boris ke nan, fok zai karkace, tafiyarsa ta ƙare kafin faranti ya saki. Maganin shi ne a sa wasa siririya (zoben ƙarfe) a gindin ƙwallon daidai kaurin da aka rage. Kada a wuce haka, domin milimita 1 a gindi yana ninkuwa a bakin fok na waje, sai boris ya danne yatsun kaba kullum, kuloci ya riƙa zamewa. Abin nema shi ne fok ya tsaya a miƙe, digiri 90 da shaf ɗin giyabos, sa'ad da feda ta kai rabi.

Giris kuwa ɗan kaɗan, mai jure zafi, a kan ƙwallo da yatsun fok. In an cika shi, zai fantsama kan faranti, mota ta riƙa karkarwa wajen tashi.

A mayar da robar da ke rufe ƙofar fok. Ba ita, ƙurar hunturu ta haɗu da giris ta riƙa cin ƙarfen kamar yashi. Daga ƙarshe a auna wasan feda, wato tafiyar da take yi kafin ta fara danna kuloci: a yawancin motocin Toyota tsakanin milimita 5 zuwa 15 ne.