Kifin da ya ji rauni ba abincin aksolotil ba ne

Akwai wata shawara da masu kiwon dabbobin ruwa a gida suke yawan ba juna: wai in kifinka na ado ya ji raunin da ba zai tashi ba, ka jefa wa aksolotil (wata dabbar ruwa dangin kwaɗo), shi ya huta, wancan ya ƙoshi. Ina kiwon duka biyun a nan arewacin Ingila inda nake zaune, kowa da akwatin gilashinsa, kuma ban yarda da wannan shawara ba ko kaɗan. Kifin zai ƙarasa ransa cikin firgici, aksolotil ɗin kuma ka ɗura masa duk cutar da ke jikin kifin. Aiki biyu ne daban, kowanne da yadda ake yin sa.

Da farko ka tabbata kifin ba mai tashi ba ne. Fiffiken da ya yage yana sake tsirowa. Kifin da ya rasa ido ɗaya yakan yi shekaru yana harkarsa. Wanda kake gani yana kifewa, ko ya kasa nutsewa, sau da yawa cikinsa ne ya ɗaure ko ruwan ne ya ɓaci. Ka ware shi shi kaɗai, ka auna amoniya (gubar da kashin kifi ke tarawa a ruwa), ka canja ruwa, ka ɗage masa abinci kwana biyu zuwa uku, ka ga abin da hali zai yi. Wanda nake magana a kansa shi ne wanda ƙashin bayansa ya karye, ko cikinsa ya farke, ko muƙamuƙinsa ya cire har ba ya iya ci, ko kumburi ya kai shi inda ɓawon jikinsa duk ya miƙe, ya kwanta a ƙasa yana haki. Wannan barinsa a haka zalunci ne.

Kifi ba ya kuka, shi ya sa mutane suke ɗauka ba ya jin zafi. A shekarar 2003 Lynne Sneddon da abokan aikinta a Cibiyar Roslin ta ƙasar Sikotilan sun gano jijiyoyin ɗaukar ciwo a kan kifin tirawut da fuskarsa, kuma waɗanda aka sa wa abu mai zafi a leɓe sun riƙa goga bakinsu a tsakuwa, sun jima kafin su koma cin abinci. Mu kuma tun muna makarantar Islamiyya muka haddace hadisin Shaddadu ɗan Ausu, cewa Allah ya wajabta kyautatawa a kan kowane abu, har a wajen kisa da yanka. Ban ga abin da ya fitar da ɗan kifin cikin gilashi daga wannan hukunci ba.

Abin da na fi yarda da shi ga mai kiwo a gida shi ne man kanumfari, irin tsantsan da ake sayarwa a kemis don ciwon haƙori. Sinadarin yujinol da ke cikinsa yana sa kifi barci, in ya yi yawa kuma barcin ya zarce. Jiƙa kanumfarin kicin a ruwa ba zai yi ba, don ba ka san ƙarfinsa ba. Ma'aunin shi ne mililita 0.4 a kowace lita ɗaya ta ruwa. Ka auna da sirinji, kada ka dogara da ƙirga ɗigo, domin bakin kwalba ya bambanta.

Ka ɗebi ruwan daga akwatin da kifin yake, ruwan da ya saba da shi, ka zuba a roba mai ɗan faɗi wadda za ta rufe shi sosai, ka san kuma lita nawa ka zuba. Ka sa shi ciki a hankali, ka yafa tawul a kai, duhu yana kwantar masa da hankali. Mai ba ya haɗuwa da ruwa, saboda haka sai ka zuba man a 'yar kwalba da ruwa mai ɗumi kaɗan, ka rufe, ka girgiza har ya yi fari fat. Wannan farin ruwan za ka riƙa tsiyayawa kaɗan-kaɗan, a gefen robar nesa da kansa, cikin kamar minti biyar. In ka juye gaba ɗaya zai zabura, yana neman hanyar fita, ka jawo masa wahalar da kake gudu ke nan.

Ga abin da za ka gani. Iyonsa zai ragu, ya fara tangaɗi, sai ya kwanta a gefe ɗaya. Ka zuba ido a kan murfin nan na gefen kansa, wanda yake buɗewa yana rufewa in yana numfashi. Zai riƙa yi a hankali, da tazara mai tsawo, har ya tsaya. Nan ne mutane da yawa suke gaggawa, su cire shi, alhali barci kawai yake yi. Ƙa'idojin da ƙungiyar likitocin dabbobi ta Amurka ta fitar a 2020 sun ce a bar shi cikin maganin minti 30 bayan motsin murfin na ƙarshe. Ka duba agogo, kada ka yi kintace. Bayan haka ka ɗan jirkita shi dama da hagu kana kallon idonsa: idon mai rai yana juyawa don ya daidaita, na matacce kuwa yana nan ƙyam inda yake.

Kifin zinariya da kifin koyi suna da juriyar rashin iska fiye da zato, beta da gurami kuma suna shaƙar iska daga saman ruwa, don haka dukansu sukan daɗe. Irin waɗannan ni ina ƙara mataki na biyu bayan numfashin ya tsaya: wuƙa mai kaifi a bayan kai, sannan a soke ƙwaƙwalwa. Wanda zuciyarsa ba za ta iya ba, ya sa robar a firiza har ta daskare, amma sai bayan an tabbatar ya daina numfashi. Babban kifin da roba ba za ta ɗauka ba, gara ka kai wa likitan dabbobi, suna da maganin da ake kira MS-222.

Sa kifi mai rai a firiza kuwa azaba ce mai tsawo. Haka zuba shi a masai, inda zai mutu sannu a hankali cikin ƙazanta, ya kuma kai cutarsa ruwan gari. Haka barinsa a busasshiyar ƙasa, ko tafasasshen ruwa, ko barasa. Akwai hanyar tsoma shi farat ɗaya cikin ruwan ƙanƙara mai digiri 2 zuwa 4, amma wannan ta ƙananan kifayen ƙasashe masu zafi ce da ba su kai santimita 3.8 ba. Kifin zinariya sanyi ba ya kashe shi da sauri, kada ka gwada a kansa.

Gawar ka naɗe ta a leda ka sa a shara, ko ka haƙa rami mai zurfi yadda mage ba za ta tono ba. Robar da sirinjin da komai kada su kusanci akwatin aksolotil. Fatarsa siririya ce, tana tsotse abin da ke cikin ruwa, kuma man da ya kwantar da kifin shi ma yana kwantar da shi.

Aksolotil ɗin nan, duk da wasu suna ce masa kifi mai tafiya, dangin kwaɗo ne, mai ƙafa huɗu da dogon wutsiya da rassan numfashi uku-uku a gefen kai. Gidansa na asali ragowar ruwan Sochimilko ne a kudancin birnin Meksiko. A 1998 an ƙiyasta guda 6,000 a kowace murabba'in kilomita, a 2014 aka samu 36 kacal. Cikin abin da ya cinye su har da karfasa, kifinmu na Afirka da aka zuba a ruwan, yana cin ƙwansu da 'ya'yansu. Kenan tun a can kifi ba abokin zamansa ba ne. A gida ma haka: ƙananan kifaye suna tsinkar masa rassan numfashi don suna musu kama da tsutsa, shi kuma da dare ya cafke su.

Wanda zai ciyar da shi sai ya fara sanin yadda yake ci. Ba ya tauna. Wangale baki yake yi, ya zuƙo ruwa da duk abin da ke gabansa a lokaci guda. In ƙasan akwatin tsakuwa ce, tsakuwa zai haɗiye tare da abincin, ta toshe masa hanji, kuma wannan na cikin manyan abubuwan da ke kashe su a hannun masu kiwo. Ko dai ka bar ƙasan gilashi zalla, ko ka sa lallausan yashi, shi ma sai in tsawon aksolotil ɗin ya kai santimita 15. Duk dutsen da za ka sa na ado ya fi kansa girma.

Abincin da ban ga kamarsa ba shi ne tana. Nakan wanke ta, in yanka daidai tsawon kansa in mai girma ce, in riƙe da dogon hantsaki mara tsini, in sauke a hankali gaban hancinsa ina ɗan motsa ta. Idonsa ba ya gani sosai, ƙamshi da motsi yake bi. Zai tsaya cik, rassan su ɗan karkato gaba, sai ka ji ƙaramin fizga a hantsakin, tanar ta ɓace. Amma tanar ta zama daga inda ba a zuba taki na zamani ko maganin kwari ba. Abin da ya fi shi ne ka kiwata taka a bokiti da ƙasa mai laima da ɓawon kayan miya. Akwai wata ja siririya, ta cikin juji, mai fitar da ruwa mai ɗaci. Wasu aksolotil tofar da ita suke yi, sai ka ɗauraye ta sosai tukun.

Bayan tana sai ƙwayoyin abinci masu taushi da ke nutsewa ƙasa, waɗanda aka yi don masu cin nama. Jajayen tsutsotsin nan na daskare da ake sayarwa a shago sun dace da ƙanana, ga babba kuwa marmari ne kawai, ba sa riƙe shi. Naman shanu da na kaza da kitse ka bar su, cikinsa bai saba da su ba. Tsutsa mai taurin ɓawo ita ma takan tsaya masa.

Kifi kuwa, ko lafiyayye ne akwai matsala. Kifin zinariya yana da sinadarin da ke rusa bitamin B1 a jikin wanda ya dimanci cin sa. Dangin tarwaɗa, har ƙananan nan masu share ƙasan akwati, suna da ƙaya a fiffike wadda take miƙewa ta kafe a maƙogwaro. To ina ga wanda ciwo ya riga ya kayar, ko wanda ya sha magani.

Ƙaramin aksolotil mai tasowa kullum ake ba shi, kuma in kana da fiye da ɗaya ka raba su, don in yunwa ta kama su ƙafar juna suke gutsura. Ƙafar tana sake fitowa, gaskiya ne, amma wannan ba dalilin sakaci ba ne. Babba sau ɗaya a kwana biyu ko uku ya ishe shi. Ka leƙa shi daga sama: faɗin cikinsa ya zo daidai da faɗin kansa. In ciki ya zarce, ka rage. Abin da ya bari kuma ka zuƙe shi da tiyo bayan 'yan mintuna, kafin ya ruɓe ya tayar da amoniya.

In ya ƙi ci, kafin ka zargi abincin ka duba ma'aunin zafi. Ruwan da yake so digiri 16 ne zuwa 18, in ya haura 24 ya daɗe a haka, rayuwarsa na cikin haɗari. Nan Ingila ma da bazara sai na kafa fanka a saman ruwan. 'Yan'uwa da ke tambayata daga Kano da Sakkwato, inda zafin Afrilu yake wuce 40, abin da nake gaya musu shi ne sai in akwai na'urar sanyaya ruwa da wutar da ba ta ɗaukewa dare da rana, na tsawon shekara goma zuwa goma sha biyar da dabbar kan rayu. Wanda ba shi da wannan ya kiwata gupi ko beta, su ruwan ɗumi suke so.