Yadda Ake Cire Busasshen Fenti Daga Sinkin Ƙarfe Marar Tsatsa

Idan Sallah ta gabato, gidaje da yawa a Aboabo da Asawase da sauran unguwannin zango na Kumasi sukan sabunta fenti, kuma mai fenti yakan wanke buroshinsa a sinkin kicin saboda nan ne famfo ya fi kusa. Idan aikin ya faɗo cikin hunturu, ɗigon da aka bari da yamma yakan wayi gari ya ƙame.

Fenti ba ya kama ƙarfe marar tsatsa sosai, domin fuskarsa santsi gare ta, ba ta shan fenti yadda bangon siminti yake sha. Ƙarfen yana ɗauke da sinadarin kuromiyam, aƙalla kashi 10.5 cikin 100, wanda idan ya haɗu da iska yakan samar da wata siririyar kariya da ido ba ya gani, ita ce kuma take hana tsatsa. Yawancin ɓarnar da ake gani a sinki daga gaggawar kankarewa take fitowa. Wuƙa da reza suna barin zanen da ba ya gogewa, soson ƙarfe kuwa, wanda hannu ya fi saurin kaiwa gare shi, yana barin ƙananan ɓurɓushin ƙarfe da za su yi tsatsa daga baya, har mutum ya zaci sinkin ne jabu.

Da farko a gano irin fentin. A jiƙa auduga da sifirit a goga a gefen tabon. Idan launi ya biyo audugar, fentin ruwa ne, idan kuma bai motsa ba, fentin mai ne.

Fentin ruwa ba shi da wuya. A tsoma tsumma cikin ruwan zafi mai sabulun wanke-wanke ko Omo, a shimfiɗa shi a kan tabon na minti 15 zuwa 20, a riƙa ƙara ruwan zafi idan ya huce. Da fentin ya yi laushi, sai a tura shi daga gefe da tsohon katin banki ko cokalin roba, zai riƙa ɗagowa kamar ɓawo. Abin da ya rage sifirit zai ɗauke shi.

Fentin mai shi ne mai bukatar haƙuri. Idan ɗigo ne ƙanana, a shafa musu man gyaɗa a bari su jima kafin a gwada katin, domin sau da yawa hakan ya isa. Idan ya ƙi, sai a koma ga kananzir, ko tina, wato ruwan tsinka fenti, irin wadda masu sayar da fenti a Adum da Kejetia suke sayarwa, ko ruwan goge farce mai asiton. A zuba kaɗan a tsumma a ɗora a kan tabon na 'yan mintuna, a kankare abin da ya saki, a sake maimaitawa. Fenti mai kauri hawa-hawa yake fita. Kafin a buɗe kwalbar dai, wajibi ne a rufe tukunyar gas, a fitar da kurfoti idan akwai garwashi a ciki, a buɗe tagogi, a sa safar hannu, saboda waɗannan ruwaye da tururinsu suna kama wuta nan take. A toshe ramin sinkin kuma, domin asiton da tina suna cin bututun roba da ke ƙarƙashinsa.

Wasu sukan garzaya ga Parazone, wato ruwan bilic, da tunanin yana wanke komai. A ganina wannan asara ce: ba ya narkar da fenti, sinadarin kulorin da ke cikinsa kuma yana huda kariyar ƙarfen idan ya daɗe a kai. Haɗa shi da lemon tsami ko khal yana fitar da iska mai guba.

Bayan fentin ya fita, a kwaɓa bekin soda da ruwa kaɗan a goge wurin da soso mai laushi, ana bin layukan da ke jikin ƙarfen, kada a gitta su. A wanke da sabulu sau biyu don kada warin kananzir ya kama kwanuka, sannan a tsane da busasshen ƙyalle. Tsummokaran da aka yi aiki da su a shanya su a fili, nesa da wuta da yara, sai sun bushe sarai kafin a zubar.