Yadda Garin Gaɓar Tafki Ke Samo Kuɗin Yashe Tasharsa a Manyan Tafkunan Amurka

Manyan tafkuna biyar da ke yankin iyakar Amurka da Kanada, wato Superior da Mishigan da Huron da Erie da Ontariyo, suna ɗauke da jiragen dakon kaya waɗanda tsawon wasunsu ya kai ƙafa 1,000. Irin wannan jirgi, idan mashigin tasha ya cike har aka tilasta masa rage nitsewarsa a ruwa da inci ɗaya kacal, sai ya bar kimanin tan 270 na tama ko kwal a gaɓa. Koguna kuwa ba sa fasa kwararo laka, igiyar ruwa ma ba ta fasa turo yashi bakin mashigi, shi ya sa a ɓangaren Amurka kaɗai ake buƙatar kwashe kimanin kubik mita miliyan 2.5 kowace shekara domin hanyoyin jiragen su ci gaba da zama a zurfinsu. Bayanin da ke tafe ya shafi matakan da hukumar gari ko hukumar tasha take bi idan tana son gwamnati ta ɗauki nauyin wannan yasa.

Kafin a rubuta wa kowa takarda, sai a fara tabbatar da wanda alhakin mashigin ya rataya a wuyansa. A gaɓar Amurka akwai tashoshi 140 da Majalisar Dokokin Tarayya ta amince da su a matsayin na gwamnatin tarayya, 60 na jiragen kasuwanci ne masu zurfi, 80 kuma ƙanana ne da galibi jiragen shaƙatawa da na kamun kifi ke amfani da su. Kowace tasha tana da dokar da ta fayyace faɗin mashiginta da tsawonsa da zurfinsa, kuma Sashen Injiniyoyi na Rundunar Sojin Ƙasa ne ke kula da abin da ke cikin wannan iyaka da kuɗin tarayya zalla. Abin da ya fita daga iyakar, kamar gindin dandamalin da jirgi ke jingina ya sauke kaya, ko lungun da wani kamfani ya haƙa wa kansa, na mai shi ne, kuma shi zai biya. Don haka a nemi taswirar aikin daga ofishin shiyyar injiniyoyin, ko dai na Detroit, ko na Buffalo, ko na Shikago, a ɗora ta a kan wurin da jirage ke gogar ƙasa. Idan tudun yashin yana waje da layin tarayya, a daina wahalar da kai da Washinton, a koma ga jiha ko aljihun gari.

Wani abu da ke rikita sababbin jami'ai shi ne, amincewar Majalisa da tasha daban take da ware mata kuɗi. Dokar amincewa izini ne kawai, tana iya shekara da shekaru ba a sa ko kwabo a kanta ba.

Kuɗin yana fitowa ne daga Asusun Kula da Tashoshin Jiragen Ruwa, wanda dokar raya albarkatun ruwa ta 1986 ta kafa. Ana cika shi da harajin da ake karɓa a kan darajar kayan da ke bi ta tashoshi, wanda tun farkon shekarun 1990 yake kashi 0.125 cikin ɗari, wato dala 1.25 a kan kayan dala 1,000. Kayan da ake fitarwa waje ba sa biya, domin a 1998 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa karɓar harajin a kansu ya saɓa wa tsarin mulki. An daɗe ana karɓar kuɗin ana kashe wani ɓangare kawai, har rarar da ta taru ta haura dala biliyan 9, alhali mashigai suna cikewa. Dokar 2014 ce ta fara gyara lamarin, kuma ita ce ta umarci a riƙa kallon tashoshin tafkunan a matsayin tsari guda mai dogaro da juna, tun da jirgin da ya yi lodin tama a Duluth da ke gaɓar tafkin Superior ba zai amfana da zurfin Duluth ba idan mashigin Cleveland na tafkin Erie, inda zai sauke, ya cike. A 2020 aka cire takunkumin kasafi da ke hana kashe kuɗin, sannan dokar ƙarshen shekarar ta ware aƙalla kashi 13 cikin ɗari ga tafkunan, da kashi 15 ga ƙananan tashoshin da kayansu bai kai tan miliyan 1 a shekara ba. Ya dace mai rubuta buƙata ya ambaci kason da tasharsa ta faɗa ciki, domin a nan ne zai yi gogayya da takwarorinsa.

Daga nan sai tara hujja. Nauyin kaya shi ne babban ma'aunin da injiniyoyin ke jera tashoshi da shi, kuma alƙaluman da suke dubawa su ne waɗanda kamfanonin jirage ke kai wa cibiyar ƙididdigar sufurin ruwa ta sashen. Ya kamata hukumar tasha ta zauna da kowane kamfani mai dandamali, na siminti ne ko na gishiri ko na hatsi, ta tabbatar ana kai rahoton kowane lodi, domin tashar da ke dab da tan miliyan 1 tana iya zamewa ƙasa saboda sakacin cika fom. A karɓi wasiƙa daga kamfanonin mai nuna sau nawa jirgi ya shigo da ragin kaya, da abin da za a kashe idan aka koma dako da tirela ko jirgin ƙasa, da yawan ma'aikatan da abin zai shafa. Ƙaramar tasha da ba ta da nauyin kaya sai ta kafa hujja da wani abu: ko mafaka ce da ƙananan jirage ke gudowa idan hadari ya taso, ko akwai sansanin dogarawan teku a cikinta, ko kuma ta nan ne jirgin fito ke kai abinci da mai ga mazauna tsibiri.

Game da awon zurfi, a kula da ma'aunin da aka yi amfani da shi. Ruwan tafkunan yana hawa yana sauka: a Janairun 2013 tafkunan Mishigan da Huron sun yi ƙasa fiye da kowane lokaci tun da aka fara ajiye lissafi, a 2020 kuma suka yi cikar da ta karya tarihin watanni da dama. Saboda haka ana auna zurfin mashigi ne daga wani tsayayyen layi na ƙarancin ruwa da ƙasashen biyu suka amince da shi. A shekarar cika, jirage suna wucewa lafiya a kan tudun laka, jami'an gari su saki jiki, sai ruwa ya janye a ga abin da ya taru. A ganina shekarar cika ita ce lokacin da ya fi dacewa a shigar da buƙata, tun da a lokacin ba kowa ke rububi ba.

Matakin da ya fi kowanne cin lokaci, kuma wanda ya fi kashe ayyuka, shi ne samo inda za a zuba abin da aka kwaso. Mai yasar rijiya yakan tara taɓon a gefe ya tafi abinsa, amma wanda zai kwashe kubik mita dubu ɗari daga bakin kogin da masana'antu suka shekara ɗari suna zubar da dagwalo a cikinsa, dole ya san inda zai kai shi tun kafin ya tayar da inji. Ana fara ɗibar samfurin laka daga wurare da dama a mashigin, a kai ɗakin gwaji a duba girman ƙwayar yashin da gubar da ke ciki, kamar sinadarin PCB da dalma da zaiba. Idan yashi ne mai tsabta, an huta, domin ana iya tura shi ta bututu zuwa gaɓar da ruwa ke zaizayewa. Idan kuwa gurɓatacce ne, sai an kai shi wurin killacewa, wato fili ko wani yanki na tafki da aka kewaye da ganuwar duwatsu. Yawancin waɗannan wurare an gina su ne bisa dokar 1970, an kuma tsara su ne su ɗauki lakar shekara 10, don haka da yawa sun cika ko sun kusa. Tun 1996 kuɗin gina sabo ana raba shi ne tsakanin tarayya da hukumar yankin, kuma samar da filin yana kan hukumar yankin. Tashar Indiana Harbor, wadda ke ciyar da manyan masana'antun ƙarfe, ta zauna daga 1972 har zuwa 2012 ba a yashe ta ba, kuma dalilin shi ne rashin wurin zuba gurɓatacciyar lakarta.

A nan ne ake buƙatar fahimtar ƙa'idar da injiniyoyin ke aiki da ita: tarayya tana biyan kuɗin hanya mafi arha ce daga cikin hanyoyin da suka inganta a aikin injiniya kuma suka cika sharuɗɗan muhalli na tarayya. Idan jiha ko gari na son wata hanyar da ta fi tsada, su za su cika gibin. Sai dai jiha ma tana da nata ƙarfin, domin a ƙarƙashin sashe na 401 na dokar tsabtar ruwa ba a zuba laka a ruwanta sai ta ba da takardar shaida. Jihar Ohayo ta nuna iyakar wannan ja-in-ja. A 2015 ta maka injiniyoyin a kotu kan shirin zuba lakar Kogin Cuyahoga na Cleveland a cikin tafkin Erie, kuma a 2017 kotun tarayya ta ɗora musu kuɗin killacewar. Bayan da gubar gansakuka ta hana mutanen Toledo, wani birnin jihar da ke gaɓar tafkin, shan ruwan famfo na kwana uku a Agustan 2014, jihar ta kafa dokar da ta haramta zuba laka a tsakiyar tafkin daga 1 ga Yulin 2020, duk da cewa tashar Toledo ce ta fi kowace yawan lakar da ake kwashewa a tafkunan. Shawarata ga kowace hukuma ita ce ta haɗa jami'an muhalli na jiha da injiniyoyin a tebur ɗaya tun ranar da za a tsara ɗibar samfur, domin kada a gama gwaji wani ɓangare ya ce bai yarda da yadda aka yi shi ba.

Garin da ya iya mayar da laka abin amfani yana da riba biyu, domin ya rage kuɗin aiki kuma ya buɗe wa kansa wata ƙofar tallafi. A Green Bay ta jihar Wiskonsin ana amfani da lakar mashigi wajen sake gina jerin tsibiran Cat Island da ruwa ya cinye, a Duluth kuma ana tace abin da aka tara a wurin killace laka mai suna Erie Pier a fitar da yashi da ƙasa domin ayyukan gine-gine. Ayyukan farfaɗo da muhalli irin waɗannan, tarayya takan ɗauki kashi 65 na ƙarin kuɗin, yankin ya kawo 35. Inda gubar ta yi tsanani kuma, akwai dokar 2002 ta tsabtace gindin tafkunan da Hukumar Kare Muhalli ke gudanarwa, ita ma tana neman aƙalla kashi 35 daga waje.

Sai batun kalanda. Shekarar kasafin tarayya tana farawa ne ranar 1 ga Oktoba, shugaban ƙasa kan gabatar da daftari a farkon shekara, ofisoshin shiyya kuma sun fara haɗa nasu lissafin kusan shekara guda kafin nan. Ke nan wanda yake son a yashe masa tasha a bazarar wata shekara, sai ya kai hujjojinsa ofishin shiyya kimanin shekara biyu kafin lokacin. Idan sunan tashar bai fito a daftarin ba, da sauran dama biyu. Majalisa takan ƙara dunƙulen kuɗi a dokar kasafin makamashi da ruwa, sannan injiniyoyin su fitar da jadawalin aiki mai nuna inda za su kashe shi, don haka a ci gaba da tuntuɓar ofishin shiyya da sababbin alƙaluma. Haka kuma, daga kasafin 2022 an dawo da tsarin da ɗan majalisa ke neman a ware kuɗi ga takamaiman aiki a mazaɓarsa, bayan an dakatar da shi tun 2011. Ofisoshin 'yan majalisa sukan buɗe karɓar buƙatu na ɗan gajeren lokaci a farkon shekara, kuma abin da za su fara tambaya shi ne adadin kuɗin da injiniyoyin suka ce za su iya kashewa a kan tashar cikin shekara ɗaya. A samo wannan adadi a rubuce kafin a je.

Ƙananan tashoshi tamanin ɗin nan su ne suka fi shan jira, kuma bai kamata su zauna zaman jiran tarayya kaɗai ba. Jihar Wiskonsin tana da shirin taimakon tashoshin kasuwanci tun 1979, wanda ke iya biyan har kashi 80 na kuɗin aiki. Jihar Mishigan, a shekarar ƙarancin ruwa ta 2013, ta ware kimanin dala miliyan 21 na gaggawa domin yashe tashoshi 58. Doka ta kuma yarda gari ya tara kuɗinsa ya miƙa wa injiniyoyin su yi aikin bisa yarjejeniya a rubuce, ko ya nemi izininsu da na jiha ya ɗauki ɗan kwangila da kansa. Garin Leland da ke gaɓar tafkin Mishigan ya gaji da jira, a 2017 jama'a suka yi karo-karo aka sayi injin yasa na tashar.

Ko da kuɗi ya samu, lokacin aikin ƙanƙane ne. Ƙanƙara tana rufe tashoshi da yawa a hunturu, ƙofofin ruwa na Soo, waɗanda jirage ke bi tsakanin tafkin Superior da sauran tafkunan, su ma ana rufe su daga 15 ga Janairu zuwa 25 ga Maris, sannan jihohi suna hana yasa a makonnin da kifi ke zuba ƙwai. Wata dokar tarayya ta 1906 ta kuma taƙaita aikin ga jiragen yasa ƙirar Amurka, saboda haka 'yan kwangilar ba su da yawa, kuma kuɗin jawo kayan aiki zuwa tasha yana cinye kaso mai tsoka na ƙaramin aiki. Tashoshin da ke maƙwabtaka su nemi a haɗa ayyukansu a kwangila ɗaya, masu dandamali kuma su yi ciniki da ɗan kwangilar ya yashe musu nasu gindin yayin da jirginsa ke nan. Ana auna zurfi kafin a fara da kuma bayan an gama, kuma bisa bambancin awon biyu ake biyan ɗan kwangila, don haka hukumar tasha ta karɓi kwafin duka biyun, ta kuma aika na ƙarshen ga kamfanonin jirage domin su san nauyin da za su iya lodawa.