Yadda Za Ka Ba Ubangiji Asubarka

Ɗalibi a Samaru da ɗan kasuwa a Sabon Gari ciwonsu ɗaya: an samu abin da ake nema, zuciya ba ta ƙoshi ba. Maganin yana farawa da minti 20 kafin gari ya waye. Bar waya a wani ɗaki, domin saƙo ɗaya ya isa ya cinye lokacin.

Buɗe Littafi Mai Tsarki, ka fara da Littafin Mai-Wa'azi, sura 12 ne, ɗaya kullum. Marubucin ya tara gidaje, gonaki da zinariya, ya ce duk banza ne. Daga nan sai Bisharar Matiyu sura 5 zuwa 7, ka haddace sura 6 aya 33. Masu farawa daga Littafin Farawa sukan maƙale a Littafin Firistoci, su ajiye.

Minti 10 karatu, 5 rubuta aya ɗaya, 5 addu'a. A nan ake yawan kuskure: addu'a ta zama jerin buƙatu, aiki, mota, aure, kwaɗayin nan dai ya sake riga. Fara da godiya, ka ambaci mutum biyu kafin kanka.

Ranar Asabar, kai wa maras lafiya kunu a asibitin Wusasa, ka zauna da shi, ban da ɗaukar hoto.